Motar Abba Ba Ta Tsayawa

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa na yi dace, wai irin Nasrullahi ɗaya ne a duk Zariya, yau zan gaya muku abin da ya sa ko ƙamshin turarensa na ji a zaure sai zuciyata ta tashi. Wanda bai bi labarin daga farko ba, ga shi a taƙaice. Sunana Rahama, gidanmu yana Anguwan Kwarbai cikin birni, an sa ranar aurena da Nasrullahi bayan Babbar Sallah. Kuma ba wanda ya yi mini dole. Ni na gan shi da idona na ce ina so, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Mota ce ta haɗa mu. Abbanmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar wata tsohuwar Marsandi ruwan madara, irin mai dogon gaba da tauraro a tsaye, wadda ya saya hannun wani Bature malamin jami'a tun ba a haife ni ba. Bayan rasuwarsa aka lulluɓe ta da tamfol a garejin da ke jikin zaure, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin yin ƙwai. Da aka zo rabon gado yayyena maza duk suka yatsine fuska, ni kuwa na ce a bar mini. Kowace Asabar ni ce mai riƙe wa Abba soso idan yana wanke ta, ba zan iya gani a kai ta 'yan gwangwan ba.

Nasrullahi ɗan Gyallesu ne, sana'arsa gyara tsofaffin motocin manya ya sayar wa masu sha'awa, yana kuma ɗora bidiyonsu a waya mutane na ta yaba masa. Sayen motar ya zo yi, na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya dawo, na sake cewa a'a. Zuwa na gaba ba maganar mota ya zo da ita ba. Bayan an sa rana ya roƙi a ba shi ita ya tayar da ita, wai a cikinta yake so a kai masa amarya. Da Hajiya Kaka, mahaifiyar Abba, ta ji wannan magana, kuka ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dishe. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, ranar na ji duk duniya ba wadda ta kai ni sa'a.

Ranar da ya dawo da ita unguwa ta cika. Fentin yana ɗaukar ido, kujerun an sake musu jar fata mai laushi, murafan ƙafafun ma an yi musu ruwan madara kamar yadda take a hoton Abba na da. Na fito da doguwar riga baƙa da mayafi ruwan toka, na shafa ƙofar direba, hawaye ya zubo mini. Shi yana tsaye da farar shadda da hula zanna, yana kaɗa makulli a yatsa.

Sai ya tayar da ita. Na ja da baya. Motar Abba muryarta a ƙasa take, kamar dattijo yana gyaran murya. Wannan kuwa gurnani take, har kwanon rufin gareji yana amsawa.

"Yaya Nas, me ka yi mata?"

Ya ɗaga murfin gaba yana murmushi. "Injin Abba ya tsufa, Gimbiya, ba ya ja. Na cire na sa mata na babbar jif, mai silinda takwas. Ƙarfinsa ya ninka na da. Na sa esi, ga 'yar firji a tsakanin kujerun baya, ga sifikoki a but, na kuma shimfiɗe cikinta da roba mai kauri don kada ki ji hayaniyar titi."

"Ai ta yi nauyi ke nan."

"Sosai ma. Shi ya sa take kwanciya a titi."

"To birkin fa?"

Tambayar ta fito ne kawai, domin Abba ba ya fita da mota sai ya tattaka birki ya ji ya cika ƙafa. Nasrullahi ya yi dariya ya ce ashe injiniya zai aura. Ku lura da abin da zan faɗa, domin kada wani ya ce mini bai sani ba ne. Ya tsuguna gaban tayar gaba ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ya ce mota abu uku ne suke tafiya tare, ƙarfin inji da nauyi da birki, in ka ƙara biyu dole na ukun ya bi su. Ya ce a ƙa'ida manyan faifan birki ya kamata ya sa, amma manyan ba za su shiga bayan waɗannan ƙananan ƙafafun na asali ba, sai an canza zuwa manyan ƙafafun zamani.

"To ka canza mana."

Ya kalle ni kamar na ce ya yi wanka a kwata. "In sa wa wannan kyakkyawar ƙafafun zamani? Gara in cinna mata wuta. Duk kyanta a murafan nan yake. Wa ya taɓa ɗaukar hoton birki?"

"Ko ka mayar da injin Abba."

"Gimbiya, ni ne birkin. Wanda ya iya tuƙi tun daga nesa yake shirin tsayawa."

Baffa Shehu, ƙanin Abba, wanda shi ne waliyyina, ya ce lallai a zagaya da shi ya tuna ɗan'uwansa. Ya tattara babbar riga ya shiga gaba, aka ce in shiga baya tunda motata ce. Muka lallaɓa ta lunguna, Nasrullahi yana kaffa-kaffa kada katangar wani ta gogi fenti. Muna fita babban titi bayan unguwar Babban Dodo ya kalli Baffa ya ce, "Baffa, a ɗan ji muryarta?" Bai jira amsa ba ya taka totur. Bayana ya manne da kujera. Baffa ya dafe hula yana dariya yana cewa, "Kai ɗan nan! Kai ɗan nan!"

Daga nesa na hango mutumin. Baro yake turawa da buhunan masara, ya shigo titi zai tsallaka zuwa wajen masu hatsi. Da nisa sosai tsakaninmu, wallahi da motar Abba ta da ce, da mun tsaya har mun jira shi ya wuce. Nasrullahi ya taka birki. Na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ta rage gudu kaɗan, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tafiyarta kamar faranti a kan jiƙaƙƙen siminti. Wani ƙauri ya cika cikin motar. Baffa ya daina dariya ya fara salati.

Muka daki baron. Hannun baron ya daki mutumin a ƙauri, ya faɗi, buhu ya fashe masara ta watsu a kwalta.

Nasrullahi ne ya fara fita, na ce a raina Alhamdulillahi, ya tafi ɗaga shi. Ina fitowa na tarar da shi tsugune gaban bamba, ya ciro hankici yana goge wurin da ya lotsa.

"Innalillahi," in ji shi. "Ƙarfen nan daga waje na yi odarsa."

Mutumin yana kwance taku kaɗan daga gare shi, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ya cije leɓe ko ihu bai yi ba. Na toshe baki da mayafi. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta ranar ba.

Jama'a suka taru, samari suka fara ɗaga murya. Baffa ya fito ya gyara riga, kuma a wajen nan ba wanda bai san Baffa ba. Ya ɗaga hannu ya ce tsautsayi ne, kowa ya yi haƙuri, shi da kansa zai ɗauki nauyin magani. Wuri ya lafa. Na ce a sa mutumin a mota mu kai shi asibiti. Nasrullahi ya leƙa jar kujerar baya, ya kalli jinin da ke wandon mutumin, ya juya ya tsayar da napep.

"Napep ta fi saurin kutsawa," in ji shi.

A gida na faɗa wa Umma komai. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tsautsayi ne, Rahama. Baffanki ya ce a bar maganar."

"Umma, ya san birkin ba zai riƙe ba. Da bakinsa ya gaya mini."

"Ke da aka sa wa rana ba kya sa baki a harkar mijin da za ki aura. So kike a ce 'yar gidan nan tun ba ta shiga ba ta fara ɗaga kai?"

Bayan kwana biyu aka tura ni da Umma dubiya, da kulolin tuwo da farfesu. Sunan mutumin Malam Isma'ila, daga wani ƙauye ta hanyar Soba, rani yake shigowa birni ya yi dako, damina ya koma gona. An ɗaure ƙafar tun daga cinya. Matarsa, wata siririya da goyo, tana ganinmu ta zube har ƙasa tana gaishe mu, tana godiya wai mun wahalar da kanmu.

"Mun yafe, Hajiya, wallahi mun yafe. Haka Allah ya rubuta."

Umma ta ce Allah ya yi albarka. Na tambayi Malam Isma'ila yaya jiki. Ya ce da sauƙi, sai ya kalli taga ya ce likita ya ce zai jima bai taka ba, ga shi hadari ya fara haɗuwa, bai san wa zai yi masa shuka ba. Matar ta yi saurin cewa Allah zai kawo mafita, kamar tana tsoron kada mu ji haushi. Na kalli kular farfesun da ke hannuna na ji kunya ta rufe ni. Mun karya wa mutum damina guda mun kawo masa kayan ciki.

Nasrullahi bai je ba. Ya ce shi ba ya iya warin asibiti.

Da yamma saƙonsa ya shigo. Bidiyo ne, motar tana tsaye a bakin ganuwa rana na faɗuwa a bayanta, an sa kiɗa mai sanyi, bamba ta koma sumul. A ƙasa ya rubuta, "Gimbiyar motoci don Gimbiyar mata."

Na rubuta, "Ka gyara birkin?"

"An zuba sabon mai, an sa sabon takalmin birki."

"Faifan fa? Kai ka ce ƙananan ba za su iya da nauyin ba."

Ya turo fuskar dariya. "Ki bar wa maza maganar ƙarfe, amaryata. Kin ci abinci?"

"Ka je ka ga Malam Isma'ila?"

"Wa ke nan?"

Na kifa wayar a kan gado na fita tsakar gida na wanke hannuna, ban ma san me nake wankewa ba.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na haɗiye, irin haɗiyar da aka koya mana. Sai yayata Sadiya ta haihu a Kaduna, haihuwar fari, aka fara shirin suna. Kun san al'ada, haihuwar fari gidan su mai jego ne ke kai gara. Mako guda gidanmu ba wurin sa ƙafa, ana tuyar dubulan da alkaki, ana dakan nakiya, ƙaurin mai har cikin kayan sawa. Ana cikin haka Nasrullahi ya aiko wa Baffa da albishir: shi zai kai Hajiya Kaka da iyaye mata Kaduna, a motar ɗanta, da garar gaba ɗaya, a shiga gidan surukai da ita kowa ya gani. Baffa ya ce wannan yaro ya san darajar manya.

Titin Kaduna, jama'a. Inda tirela ke tsayawa a gabanka ba fitila ba sanarwa.

Na koma wajen Umma, ta ce in fita mata daga ido. Sai na shiga ɗakin Kaka. Tana zaune kan darduma ta baje sabuwar atamfarta tana turara ta a kan kasko. Na zauna na kama ƙafarta ina matsawa, na gaya mata motar nan ba ta tsayawa, gara ta bi bas tare da mu.

Ta ce, "Ranar da ubanki ya sayo ta ni ya fara ɗauka. Ya kai ni har Ƙofar Gayan ya dawo da ni, yana ta tambayata ko iska ta yi mini yawa. Tun da aka fita da shi ban sake jin ƙarar ƙofarta ba, Rahama. Ki bar ni in zauna inda ya zaunar da ni."

"Kaka, ba motarsa ba ce yanzu. Jikin ne kawai nasa."

"Allah ke tsarewa, 'yar nan."

Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Yaya za ka yi gardama da tsohuwar da take kewar ɗanta?

Safiyar suna na shirya cikin ankon da aka fitar, leshi kore da ɗauri mai tudu, na fito zaure na tsaya ina kallon lodi. Buhun shinkafa ya shiga but, na masara ya bi shi. Jarkar manja, jarkar man gyaɗa, bokitan dubulan da alkaki aka cusa tsakanin sifikoki, abin da ya rage aka ce mata su riƙe a cinya. Duk abin da aka sa sai bayan motar ya ƙara yin ƙasa, har saman tayoyin baya ya ɓuya cikin jiki. Nasrullahi yana zagayawa da waya yana ɗauka, yana cewa a yi a hankali da fenti. Ya ga yadda ta zauna, na ga ya gani, ya ɗan taɓa tayar da ƙafa ya ci gaba da ɗaukar bidiyonsa.

Aka riƙo Kaka, tana ƙamshin turaren wuta, aka zaunar da ita a gaba. Ta shafa katakon da ke gabanta tana motsa baki. Umma da Goggonnina biyu suka matsu a baya da bokitai a cinya. Makullin yana jikin mota, Nasrullahi kuma ya koma gefe yana gaisawa da Baffa.

Ban shirya ba, wallahi. Ƙafafuna ne suka kai ni. Na zura hannu ta tagar direba na zare makullin, na juya na shige gida da sauri, na wuce mata masu kwashe tuya, na ɗaga murfin rijiya na sake shi. Sai da na ji ya taɓa ruwa na dawo.

Baffa ya zuba mini ido kamar bai taɓa ganina ba.

"Rahama, ina makullin?"

"Yana rijiya, Baffa."

"Kina cikin hankalinki?"

"Motata ce, Baffa, gadona ce. Ban yarda a ɗauki kowa a cikinta ba. Kana gaba ranar, ka ga ƙafar Nasrullahi ta kai ƙasa motar ba ta tsaya ba, kuma ranar mu uku ne ba buhu ko ɗaya."

Ban taɓa yi wa Baffa magana ina tsaye ba sai ranar. Umma ta leƙo ta taga tana cewa na kashe ta, na kashe ta a gaban mutane. Maƙwabta suka fara fitowa, mata na leƙe ta saman katanga.

Nasrullahi ya yi wata 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yaro ya ɓata wando. Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani makullin ya ɗaga.

"Baffa, a yi mata haƙuri, zumuɗin biki ne. Mai mota ba ya yawo da makulli ɗaya." Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Kin gama? Kin ba ni kunya a gaban iyayenki saboda wani ɗan dako da ya riga ya yafe."

Na kalli fuskar nan da na sha kallo a waya ina murmushi ni kaɗai, gemun nan da aka gyara, haƙoran nan farare, na ji kamar na buɗe tukunyar da ta kwana biyu a rufe. Ya shiga ya zauna ya ja ƙofa.

Lungunmu mota ɗaya yake ɗauka, katanga dama katanga hagu, bayanta kuma gareji ne. Na tattara leshina na zagaya gaban motar, na zauna daɓas a ƙasa, fuskata daidai da sabuwar bambar da aka yi oda daga waje.

"Bismilla," na ce, da ƙarfi yadda na saman katanga za su ji. "Kai ne birkin. Fara gwadawa a kaina."

Baffa ya tako har inda nake, gefen rigarsa yana taɓa kafaɗata.

"Ki tashi. Ki tashi, ko yau ɗin nan in kira mutanen Gyallesu su zo su kwashe kayan sa ranarsu."

"Kira su, Baffa."

Sai Nasrullahi ya murza makulli. Injin ya yi gurnani, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashina, zafinsa ya bugi fuskata har ɗaurina ya zame. Ya ƙara taka totur yana kallona ta gilashi, yana jira in zabura. Ban kalle shi ba, Kaka na kalla. Ta daina motsa baki, idonta yana kaina, ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa. Ban sani ba ko buɗewa za ta yi ko ƙara ja za ta yi ta rufe. Ni dai ban tashi ba.